Yadda na karɓo takardun kwangilar asibitin garinmu da Dokar 'Yancin Samun Bayanai

Tun ranar da na ɗora bidiyon takardun kwangilar asibitin garinmu, tambaya ɗaya ce ta cika mini waya: wa ka sani a ciki? Wasu ma cewa suke, nawa ka ba da aka fito maka da su? Ban san kowa ba, kuma in ban da kuɗin kwafi da na biya a banki aka ba ni rasit, ko sisi ban ba wani ba. Wasiƙa na rubuta, doka ta tsaya mini. Sai dai abin da dokar ta ce a yi cikin kwana bakwai ya ci mini wata shida, kusan wata guda daga ciki kuwa ni na jawo wa kaina da rashin sani. Shi ya sa na ga gara in zayyana abin daki-daki, kada wani ya faɗa ramukan da na faɗa.

Shekara tara na yi ina ɗauko rahoto a wani gidan rediyo mai zaman kansa a Kano. A ƙarshen 2023, da tsadar man janareta ta haɗu da ƙarancin talla, aka kira mu mu bakwai aka ce mu je mu ɗan huta, za a neme mu. Har yau hutun muke. Da ma ba sashen labarai ke ciyar da gidan ba, filayen da 'yan siyasa ke saya wa sojojin baka su ne uwa da uba, don haka in za a rage hannu an san inda za a fara. Na buɗe shafi a Facebook, jarina waya ɗaya da ɗan makirufo na maƙalawa a wuyan riga. Da Facebook ya fara biyan masu bidiyo a Najeriya a tsakiyar 2024, ba zan ɓoye ba, na lura da abin da kowa ya lura da shi: gwargwadon zafin maganarka, gwargwadon masu kallonka. A rediyo ina da edita da zai ce cire wannan jimlar, akwai lauyan kamfani in ta ɓaci. A shafina ni ne editan, ni ne mai gidan, ni ne kuma wanda za a kama.

A watan Agustan 2024 na je gida ta'aziyya. Bayan an shafa fatiha, Baffa, wanda shi ne dagacin garin, ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, ku da kuke magana duniya ta ji, zo ka ga wani abu." Ya kai ni bayan makarantar firamare. Gini ne mai ɗaki shida, an kai shi linta an tsaya, ba rufi, ba ƙofa, ba taga. Ɗakin da aka ce na haihuwa ne tafasa ta fito har gwiwa, akuyoyi biyu na kwance a inuwar bango. Allon kwangila rana ta cinye rubutunsa, abin da ake iya karantawa sai shekarar 2022 da sunan wata hukumar gwamnatin tarayya. Mace in naƙuda ta zo mata da gardama, a babur ko a-kori-kura ake kai ta hedikwatar ƙaramar hukuma, tafiyar kusan kilomita 20, da damina kuwa wani lokacin rafi ya yanke hanyar. Nan take na kunna waya. Na ce an cinye kuɗin talakawa, na kama sunan mutumin da 'yan gari suka ce shi ne ɗan kwangilar, na ɗora kafin in bar garin.

Kwana uku tsakani wata baƙuwar lamba ta kira ni. Muryar ba faɗa, ba zagi, cewa kawai aka yi in sauke bidiyon ko mu haɗu a gaban hukuma. Na sha jinin jikina, na nufi ofishin wani abokina tun na sakandare wanda yanzu lauya ne. Ya kalli bidiyon har ƙarshe, ya ajiye wayar, ya ce, "Malam, nawa ne kuɗin kwangilar?" Na ce ban sani ba. "Nawa aka biya?" Ban sani ba. "Wa ya ce maka wannan mutumin aka ba aikin?" Na ce mutanen gari. Ya ce, "To da mutanen gari za ka je kotu?" Ya tuna mini sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka sha amfani da shi ana tsare 'yan jarida da masu rubutu a kafofin sada zumunta. Ya ce ko da yake an yi wa sashen gyara a farkon 2024, ɓata suna yana nan daram a matsayin laifi a Final Kod da ake aiki da shi a Arewa. "Ko kotu ta wanke ka a ƙarshe, kwanan da ka yi a bayan kanta ba mai dawo maka da shi." A gabansa na sauke bidiyon. Sannan ya jawo wani ɗan ƙaramin littafi daga dirowa ya miƙo mini ya ce in je in karanta, ba zai ɗauke ni awa biyu ba.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ce ta 2011. Abin kunya, na sha karanta sunanta a labarai, amma shekara tara ina aikin jarida ban taɓa buɗe ta ba. Ƙungiyoyin kare haƙƙin 'yan jarida da na farar hula sun fara fafutukarta tun zamanin soja, ƙudirin ya shiga majalisa a 1999, ya kai teburin Shugaba Obasanjo a 2007 bai sa hannu ba, sai ranar 28 ga Mayun 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya rattaba mata hannu. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne sashe na 1: kowane mutum yana da haƙƙin neman bayanin da ke hannun hukumar gwamnati, kuma ba sai ya faɗi dalilin da ya sa yake nema ba. Ba a ce ɗan jarida ba, ba a ce mai katin aiki ba. Sashe na 4 ya ba hukuma kwana bakwai ta ba da bayanin ko ta rubuto dalilin hanawa. Sashe na 8 ya ce ba a karɓar kuɗi sai na kwafi.

Barista ya ce kafin in rubuta komai in fara gano aikin a kasafin kuɗi, domin wasiƙar da ta ce "ku ba ni bayani kan asibitin garinmu" amsarta ita ce ba su gane wanne ake nufi ba. Kasafin kuɗin tarayya yana shafin intanet na Ofishin Kasafin Kuɗi kyauta, har da jerin ayyukan mazaɓu, waɗanda a lokacin ake ware wa naira biliyan 100 duk shekara. Na shiga wani shagon kwamfuta na sauke na 2022. Dare biyu ina neman sunan garinmu bai fito ba, har na fara zaton babu shi. Ashe wanda ya buga ya tsallake harafi ɗaya a sunan. Sai da na nemi sunan ƙaramar hukumarmu, na bi ayyukanta ɗaya bayan ɗaya, sannan na ci karo da shi: gina cibiyar lafiya matakin farko, lambar aikin ta fara da haruffan ZIP, ga adadin kuɗi, ga hukumar da aka saka aikin a ƙarƙashinta. Hukumar ma aikinta na asali bai shafi lafiya ba ko kaɗan, kuma wannan ba baƙon abu ba ne a ayyukan mazaɓu. Da na nufi ma'aikatar lafiya kamar yadda hankali ya ba ni, da na yi ta buga ƙofar da ba kowa a ciki.

Wasiƙar da Turanci muka rubuta ta, shafi ɗaya, zuwa ga shugaban hukumar. A kai muka sa cewa buƙata ce a ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, muka rubuta sunan aikin yadda yake a kasafi har da kuskuren harafin, da lambarsa. Sannan muka jera abin da nake so: takardar ba da kwangila, sunan kamfanin da lambar rajistarsa, lissafin kayan aikin da aka amince da shi, takardun duk biyan da aka yi da ranakunsu, rahoton masu duba aiki, da takardar shaidar kammalawa in akwai. Na so in ƙara sakin layi kan wahalar da matan garinmu ke sha, Barista ya soke shi da biro. Ya ce takarda ake nema ba tausayi ba, kuma kowace kalma ta ƙari ƙofa ce ta jayayya. Na sa suna, adireshi, lambar waya da imel.

Ga inda na yi wautar. Hukumar tana da ofishin shiyya, na ga ya fi kusa, na kai can a farkon Satumba. Mai gadi ya tambaye ni daga wace kafa nake, na ce ni kaɗai nake, ya dube ni sama da ƙasa ya bar ni na shiga. Akawun da na tarar mutumin kirki ne a fuska, ya karɓi wasiƙar da hannu biyu, ya ce, "Ba komai Malam, za a kai wa Oga." Ya ajiye ta a wani faranti na ƙarfe, na yi godiya na fito ina jin na gama. Bayan mako na koma, Oga ya tafi Abuja. Na sake komawa, Oga yana taro. Zuwa na huɗu wani na tarar a teburin, ya ce wace wasiƙa? Na kira Barista ina huci, na ce mu tafi kotu, ai kwana bakwai sun wuce har sau uku. Ya ce, "To, kawo kwafinka mai hatimi." Na yi shiru. Ya ce wasiƙar da ba ta da hatimin karɓa, a wurin alƙali daidai take da wadda ba a taɓa rubutawa ba. Mako uku da kuɗin adaidaita sahu sun tafi a banza.

Ranar Lahadi 6 ga Oktoba na hau mota zuwa Abuja, naira 13,000. Na kwana wurin wani ɗan'uwana a Mararraba, muka yi sammako saboda cunkoson Nyanya. A ƙofar hedikwatar na rubuta suna a littafin baƙi, na ajiye katin ɗan ƙasa aka ba ni na rataya. Wannan karon da aka ce wa kake son gani, ban ce shugaba ba, na ce ofishin rajista zan kai wasiƙa. In ka ce shugaba, za a tambaye ka ko yana sane da zuwanka, daga nan kuma sai waje. A rajista wata mata ta karɓi wasiƙar, ta karanta kanta, ta kira abokin aikinta suka karanta tare. Ta ce me zan yi da waɗannan takardu? Na fito da littafin dokar na nuna mata sashe na 1. Ta ce ai takardun kwangila sirrin gwamnati ne. Na buɗe sashe na 28, inda aka ce don an rubuta wa takarda "sirri" ba shi ke hana a bayar da ita ba, sai in ta faɗa cikin abubuwan da ita dokar ta keɓe. Ban ɗaga murya ba, ita ma ba ta ɗaga ba. Ta ce za ta karɓa amma ba za ta buga hatimi ba sai shugabanta ya zo. Na ce to ni ma ba zan bar wasiƙar ba sai ya zo. Na zauna a bencin baranda tun tara da rabi.

Ban ga laifin matar sosai ba. Ma'aikacin gwamnati tun ranar da ya kama aiki ake tsorata shi da rantsuwar riƙe sirri, ga dokar sirrin gwamnati ta 1962 da ta girme shi. Wanda ya hana ba a taɓa tuhumarsa, wanda ya bayar ne ke tsoron takardar tuhuma.

Sai bayan azahar shugaban nata ya dawo, wani dattijo mai tabarau a kan hanci. Ya karanta wasiƙar a tsaye bai ce uffan ba, ya jawo hatimin, tawadar ta bushe, ya hura masa iska sau biyu ya danna a kan kwafina da ƙarfi. Na duba sai na ga kwanan watan 4 ga Oktoba ne, ba a juya shi ba tun ranar Juma'a. Na ce, "Ranka ya daɗe, yau bakwai ga wata." Ya leƙo ta saman tabarau, ya murza ɗan ƙarfen, ya sake bugawa, ya soke na farkon ya sa hannu a gefen duka biyun. Na roƙe shi ya rubuta sunansa a ƙasa, ya rubuta. Kafin in sauko daga benen na ɗauki hoton takardar na tura wa Barista, na tura wa imel ɗina. A motar dawowa cikin riga na saka ta, ba a jaka ba.

Ranar 14 ga Oktoba ta zo ta wuce shiru. Dokar ta yarda hukuma ta ƙara wasu kwana bakwai in takardun suna da yawa, amma sai ta sanar da kai a rubuce. Ba a sanar da ni ba. Sashe na 7 kuwa ya ce shirun nan ana ɗaukarsa a matsayin an hana ka. Amsar da ta zo ba ta takarda ba ce. Wani ya kira ni ya ce shi mai son zaman lafiya ne, in zo wani gidan abinci mu zauna mu fahimci juna, kowa ai yana da iyali. Barista ya ce kada in je, in kuma rubuta rana da lokacin kiran a littafi. Abin da ya fi taɓa ni shi ne kiran Baffa. An je an same shi an ce ɗansa ya zama karen farautar 'yan adawa, kuma garin zai iya rasa rijiyar burtsatsen da aka yi masa alkawari. Ya ce, "Ɗana, ko dai a bar kaza cikin gashinta?" Daren nan ban yi barci ba. Ni ina Kano, shi ke zaune da su. Washegari na ce masa, Baffa, ban zagi kowa ba, ban kama sunan kowa ba, takarda na nema, in ya ce in bari zan bari. Ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya ce in ci gaba, amma kada in sake ɗora komai sai na riƙe abin a hannu.

Na aika wasiƙar tuni ta kamfanin kai saƙo, naira 6,500, suka dawo mini da shaidar wanda ya karɓa da ranar da ya karɓa. A nan na gane da tun farko haka na yi, da na huta da tafiyar Abuja da ta ci mini fiye da naira 35,000. Barista ya ja mini kunne cewa wasiƙar tuni ba ta sabunta lissafi. Sashe na 20 ya ba ka kwana 30 ka je kotu daga ranar da aka hana ka ko aka yi maka shiru, in ka bari suka wuce kana jiran alkawarin baka, sai ka fara roƙon kotu ta ƙara maka lokaci. Mutane da yawa a nan ake cinye su, da gobe da jibi.

A makon farko na Nuwamba muka shigar da ƙara a babbar kotun tarayya. Na yi rantsuwa a gaban jami'in rantsarwa kan takardar da ta ba da labarin abin da ya faru, aka maƙala kwafin wasiƙata mai hatimi da shaidar kamfanin kai saƙo. Kuɗin shigarwa, rantsuwa, kwafe-kwafe da na kai sammaci sun tasar wa naira 30,000. Barista bai karɓi ladan aikinsa ba, Allah ya saka masa, in ba haka ba da nan na tsaya. Sai da aka fara neman izinin kotu, aka bayar, sannan aka kai wa hukumar sammaci. Zaman farko lauyansu bai zo ba. Zama na biyu ya zo ya nemi lokaci, sai hutun Kirsimeti ya ratso. Kowane zama sai in bar aikin ranar in zauna tun ƙarfe tara, wani lokacin a kira ƙararmu a gama cikin minti biyar. A zaman ƙarshen Janairu lauyan ya miƙe ya ce binciken da suka yi bai nuna wasiƙar ta iso teburin da ya dace ba. Alƙali ya ɗaga kwafina sama ya tambaye shi ko wannan hatimin na hukumarsu ne. Ya matso ya duba, ya ce nasu ne. Alƙali ya tuna masa cewa a wannan doka hukuma ce za ta kawo hujjar hanawa, ba mai nema ne zai kawo hujjar nema ba. Lauyan ya nemi a ba su mako uku su sasanta.

A tsakiyar Fabrairun 2025 wasiƙarsu ta farko ta iso, wata huɗu bayan tawa. Shafi 46, naira 50 kowanne, jimla 2,300. Aka ba ni lambar biya ta Remita, hanyar biyan kuɗi a asusun gwamnati, na biya a banki, na tura musu rasit. Kada ka yarda ka miƙa wa kowa kuɗin nan a hannu. A farkon azumi lauyansu ya kawo ambulan ofishin Barista. An shafe lambar asusun bankin kamfanin da baƙar tawada, ban yi gardama ba, ba ita nake nema ba. Muka janye ƙarar. Dokar ta tanadi tarar naira 500,000 ga jami'i ko hukumar da aka samu da laifin hanawa ba bisa ƙa'ida ba, amma kada wannan ya ruɗe ka, ni ko kuɗin motata ban mayar ba. Da na haɗa lissafi, abin da na kashe ya kusa naira 90,000.

Bayan shan ruwa na baje takardun a tabarma. An biya kuɗin kwangilar duka, kashi biyu. Ga takardar shaidar kammala aiki ta Disambar 2022, da sa hannun mutum uku. A baya an maƙala hoton wani gini mai shuɗin kwano da bishiyar mangwaro a gabansa. Namu kuka ce a bayansa, kuma ko ƙusa ba a taɓa buga masa ba. Amma abin da ya sa na ajiye kofin kunu shi ne sunan kamfanin. Ba na mutumin da na kama suna a bidiyon farko ba ne. Da na bincika a shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni, ko a cikin masu kamfanin babu shi. Ashe shi bulo da yashi kawai ya kawo, shi 'yan gari ke gani a wurin kullum, shi ma har lokacin yana bin kuɗinsa. Ƙaninsa ne ya yi mini kiran farkon nan, kuma da gaskiyarsa. Dubban mutane sun ji na kira bawan Allah ɓarawo. Na je har gida na same shi, na durƙusa na ba shi haƙuri, na kuma faɗa a bidiyo da bakina. Ya ce ya yafe, sai dai 'yarsa ta yi mako ba ta je Islamiyya ba saboda gorin yara. Wannan maganar har yau tana ci na.

Kafin bidiyo na biyu na rubuta wa hukumar da kamfanin na ce ga abin da takardu suka nuna, ga hoton ginin yadda yake, ina son jin ta bakinsu, na ba su mako guda. Ba wanda ya amsa. Na tsaya a gaban ginin na karanta takardun shafi-shafi, na nuna hoton mangwaro, na juya kamara ga kukar. Ban ce ɓarawo ba, ban ce an cinye ba. Masu kallo ba su kai na farkon yawa ba, amma ba wanda ya kira ya ce in sauke. Na kai kwafi ga hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci, tun da tana bin diddigin ayyukan mazaɓu tun 2019, can ma na karɓi hatimina. Bayan ƙaramar Sallah Baffa ya kira ya ce mota ta sauke kwano da katako. Kafin ruwan farko an yi wa ginin rufi, an sa ƙofofi, an yi fenti.

In za ka bi wannan hanya, fara da kasafin kuɗi, ka samo sunan aikin da lambarsa da hukumar da ke riƙe da shi, domin allon da ke bakin aiki da maganar gari duk suna iya ɓatar da kai. Ka nemi takardu da sunayensu, kada ka yi tambayar da za a amsa maka da labari. Ka buga kwafi biyu, ka kai hedikwata, ofishin rajista, kuma kada ka taka ƙofar fita sai da hatimi, kwanan wata na ranar, da sa hannu a naka kwafin. In an ƙi bugawa, ɗauki wasiƙarka ka aika ta kamfanin kai saƙo ka adana shaidarsu. Daga ranar ka fara ƙirga bakwai, sannan talatin, ka rubuta su a inda za ka riƙa gani. Ka nemi lauya tun kafin bakwai ɗin su cika, in ba ka da hali ka tuntuɓi ƙungiyoyin da ke aikin 'yancin 'yan jarida da bin diddigin kasafi, wasunsu na taimakawa kyauta. Ka kuma shaida wa mutanen gida tun da wuri, don matsin ba kai zai fara samu ba, su zai samu. Ga 'yan'uwana masu shafuka kuwa, waɗanda aka sallama irina da waɗanda ba su taɓa shiga ɗakin labarai ba, editan da ba mu da shi takardar nan ce ke maye gurbinsa. Sashe na 39 na tsarin mulki ya ba mu 'yancin magana, amma bai hana a maka ka a kotu in ka ɗora wa wani abin da bai yi ba.

Tsugune dai ba ta ƙare ba. Ginin yana nan da fenti da kwaɗo a ƙofa, ba ma'aikacin jinya, ba gado, ba magani, kuma wannan ba aikin waccan hukumar ba ne, na jiha da ƙaramar hukuma ne. A da jihohi da dama cewa suke dokar ta tarayya ce, ba ta hau kansu ba. A watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli, a wata shari'a da ta taso daga jihar Edo, ta yanke cewa dokar ta shafi jihohi ma. Saboda haka muka rubuta wasiƙa ta biyu, muna neman jerin ma'aikatan da aka tura cibiyar da abin da aka ware mata. Wannan karon ba da sunana ba. Inna, ungozomar garinmu, wadda ta karɓi haihuwar rabin matasan garin har da ni, ita ta ce a sa nata. Ba ta karatun boko, amma sashe na 3 ya yarda wanda bai iya rubutu ba wani ya nema a madadinsa. Jikanta ya karanta mata da Hausa, ta dangwala yatsa, muka tafi tare. Da akawun ya karɓa ya ce za a kai wa Oga, kafin in buɗe baki ta tura masa kwafi na biyu ta ce, "Yaro, buga mini abin nan tukuna." Ya buga. Ta sa jikan ya duba mata kwanan watan, ta naɗe takardar a leda ta cusa a lalitarta. Ranar Alhamis mai zuwa kwana bakwai ke cika.